La'adar Da Ta So Ta Raba Ni Da Dangi

Na daɗe ina juya wannan labari a zuciyata, kunya tana hana ni faɗa. To amma an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, shi ya sa yau na ɗauki alƙalami.

Ni 'yar Bodinga ce. Da na gama sakandare aka sa ranar aurena da ɗan kawuna na garin Shagari. Babana ba mai ƙarfi ba ne, ni kuwa idona ya riga ya buɗe da irin kayan ɗakin da ake jera wa ƙawayena. Kullum tunanina ina zan samu kuɗi, kada a kai ni in zama abin dariya.

Ana cikin haka, a farkon shekarar 2025, 'yan sanda suka fara matsa wa masu mota lamba a kan takardar inshora, wadda ake yanka don biyan wanda ka yi wa ɓarna a kan titi. Tun watan Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, mutane kuwa sai kuka suke yi. Sai wata ƙawata ta haɗa ni da wani mutum mai ɗan ofis a cikin Sakkwato, mai fara'a da daɗin baki. Ya ce, "Ƙanwata, aikinki ba wuya. Ki turo mini masu mota, in yi musu a kan 8,000, kowane kai kina da 1,000. Ba ki da jari, ba ki da asara."

Wallahi ban tambaye shi lasisi ba, ban ma san akwai abin tambaya ba. Na shiga gida-gida ina gaya wa matan aure, su kuma su gaya wa mazajensu. Kafin wata biyu na tura mutum ya fi talatin. Na sayi kwalla, na sayi labule, na shiga adashi, har Inna tana sa mini albarka. Ranar da na je Shagari gaisuwa na tarar da Kawu yana wanke motar da ya saya da kuɗin sallamarsa na aikin malanta. Na durƙusa na kawo masa zancen. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, ni ban san mutumen ga ba, amma tunda ke kika kawo shi, shi ke nan." Ya ƙirgo kuɗi ya ba ni, ko takardar bai tsaya karantawa ba.

Ana saura mako uku biki, Kawu ya fito zai je Sakkwato, birki ya ƙwace masa kusa da Bodinga, ya daki motar wani bawan Allah ta baya. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, amma bayan motar ya lotse. Kawu ya fito da takardarsa da ƙarfin gwiwa, don an gaya masa inshorar gaskiya tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Aka danna lambar motarsa a waya, aka ce babu sunanta a rumbun bayanan inshora na ƙasa. Takardar bogi ce. Na kira mutumin nan ya fi sau ashirin, waya a kashe. Yayana ya je ofishin, ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Bijimin da Kawu ya ɗaure don walimarmu shi aka sayar aka gyara motar mutane. Da labari ya bazu, masu mota suka yi ta sallama a ƙofar gidanmu, ba wanda ya nemi mai ofis, kowa ni yake nema. Baba ya kira ni, ya ce, "Ke, mi kika jawo muna? Mutanen ga ba takarda sunka saya ba, mutuncin gidan ga sunka saya." Na kasa ɗaga kai. Shi kuwa wanda zan aura, kwana tara bai zo zance ba, gwaggonninsa har sun fara cewa a sake shawara.

Daga baya na fahimci abin da ya kamata in sani tun farko. Akwai hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanonin inshora da wakilansu lasisi, kuma doka ta hana mutum yin wakilcin inshora ba tare da shi ba. Ni da nake cewa ai turawa kawai nake yi, kuɗin mutane ta hannuna suke bi, la'ada nake ci. Arhar ma ta isa ta farkar da ni, abin 15,000 a ce 8,000, ai arha ba ta ado.

Na kwashe kwallayen da labulen na mayar kasuwa, na haɗa da zubin adashina, na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ina mayar da abin da na ci, ina neman gafara. Na ƙarshe shi ne Kawu. Ya ƙi karɓa, ya ce, "Tashi, ɗiyata. An cuce mu ni da ke, amma ke kin zo da ƙafarki." Shi ya tsawata wa dangi, aka ɗaura aure ba bijimi, aka kai ni ɗaki kusan fayau, kuma ga ni ban mutu ba.

Don haka ƙannena, duk wanda ya ce ki turo masa mutane ya ba ki la'ada, ki tambaye shi lasisinsa da sunan kamfanin da yake wakilta, ki sa wani babba ya bincika. In ya fara kame-kame, ki ja mayafinki ki fita. Allah Ya ba mu na halal, Ya rufa mana asiri, amin.