Waƙoƙin Da Suka Raka Mu Bazarar Bana



Bazarar Kano ba ta da sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ga wuta an ɗauke, ɗaki ya koma tanda. Ko a nan Nassarawa GRA da ake yabon inuwarta, mun kwashe sati uku labarinmu bai ƙaru da shafi ɗaya ba. Da muka gaji, sai muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya bayan La'asar, muka kunna waƙa a waya.

Ga waɗanda suka yi mana rana. Na farko Bombino, ɗan yankin Agadas, da kundinsa Nomad na 2013. Jitarsa tafiyar raƙumi take, ba gaggawa, ba tsayawa. Na biyu Mdou Moctar, shi ma ɗan Nijar, da Afrique Victime na 2021. Kiɗan rok ne mai zafi, maganin gyangyaɗi. In kunne ya yi kewar Hausa, ga "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta game gari a 2020.

Ba ma jin Tamashek, harshen Abzinawa da biyun farko ke waƙa da shi. Rashin jin ne ya sa muka lura da inda murya ke numfasawa, da inda amshi ke dawowa. Da muka karanta labarinmu a bayyane, sai muka gane dogayen jimlolinmu ne suka shaƙe shi, ba zafi ba.

Ku gwada kafin damina ta sauka. Ku fa, me kuke saurare?