Ranar da na yi zane da kakin zuma a Fayum

Duba ɗana da ke karatu a Azhar ne ya kai mu Alƙahira, ni da autata. Yarinyar nan ba littafin makarantar da ba ta cika bayansa da zane ba, kuma Allah ya sani na sha yi mata faɗa a kai. Ita ta nace sai mun je Fayum, kimanin kilomita 100 kudu maso yammacin Alƙahira, ƙasar gonaki da dabino a gefen Tafkin Ƙaruna.

A ƙauyen Tunis, wanda ya yi suna wajen ginin tukwane, muka shiga wani ɗakin koyon zane. Malamar ta fara da nuna mana hotunan fuskokin mutanen yankin na zamanin Rumawa, ƙarni na 1 zuwa na 3 miladiyya. A kan allon katako ake zana su, a ɗaure bisa fuskar gawa. Baturen Ingila Flinders Petrie ya haƙo da dama a Hawara a 1888. Har yau launinsu rangaɗau, domin kaki ba ya barin danshi ya ratsa.

Sai ga kaskon lantarki, bisansa ƙananan gwangwanaye cike da narkakken kakin zuma, an haɗa da ƙaro da garin launi. Ɗakin sai ƙamshin zuma. Burushin na gashin dabba ne, don na roba narkewa yake. Kowane shafi ka yi, sai ka bi shi da iska mai zafi ya manne da na ƙasa.

Ni dai bishiyar dabino na zaɓa. Kafin in kai burushi kan allo, kakin ya daskare. Na yi sauri, ɗigo ya ƙona mini yatsa. Da na hura zafi kuma na zarce, dabinona ya malale kamar miyar kuɓewa. Ni da nake tuƙa tuwon mutum ashirin, ga ni na rasa yadda zan yi da gwangwani ɗaya!

Autata ta ajiye nata ta matso. "Umma, ba a ɓata ba. Kankare ki sake." Ta riƙe hannuna ta nuna mini: shafa gajere, a koma kasko, a sake shafa. Ban taɓa jin ta yi magana da natsuwa irin wannan ba. Kunya ta kama ni.

Da muka dawo gida, da kaina na sayo mata kaki wajen masu zuma. Sharaɗina biyu: a narka shi a gwangwani cikin ruwan zafi, tunda kaki na kama wuta, kuma ina tsaye a wurin, taga a buɗe.

Karkataccen dabinona yana rataye a falo. Nata ta ba yayanta.