Kaya Biyu a Buhu Ɗaya: Wa Ke Biyan Kuɗin Dako?

Duk manhajar da ke cikin wayarka ƙunshi ce. Kafin ta iso gare ka, mai haɗa ta ya tattara ɗaruruwan fayiloli, nasa da waɗanda ya aro daga ayyukan wasu, ya ɗaure su wuri guda. A wajen wannan ɗauri ne maimaici ke shiga. Hoto ɗaya ko takardar lasisi ɗaya sai ta faɗa cikin ƙunshin sau biyu ko uku, domin kowane kayan aro ya taho da kwafinsa.

Ga injiniyan da ke zaune a Legas kusa da Wi-Fi, wannan ƙaramin sakaci ne. A Sabon Birni da Isa kuwa, kuɗin dako ne da mai waya ke biya da datarsa. Wayoyin da na fi gani a hannun mutane a can masu ƙaramin ma'aji ne, kuma layi yakan zo ya tafi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda ta'addancin 'yan bindiga, har da waɗannan biyu. Mutane suka ƙara dogaro da Xender da Bluetooth da katin memori wajen miƙa wa juna manhaja da saƙon murya. A irin wannan hali, kowane megabait na banza wuri ne da ya kamata hoton takardar asibiti ko karatun malami ya samu.

Sai dai cire maimaici ba sharar tsakar gida ba ce. Tambayar ita ce: yaushe abu biyu suke zama abu ɗaya? Gradle, kayan aikin da ake haɗa manhajojin Android da shi, yakan dakatar da aiki idan ya tarar da fayiloli biyu masu suna ɗaya a gurbi ɗaya. Mai haɗawa ne zai zaɓa: ya ɗauki na farko, ya zubar da duka, ko ya gwama su. Mai gaggawa yakan ce a ɗauki na farko. In abin da ke cikinsu ya bambanta, manhajar za ta haɗu lafiya, sai ta je hannun mai amfani sannan ta tuntsure.

Maganin da masana suka samo shi ne a daina yarda da suna. Ana bi da fayil ta wani lissafi, irin su SHA-256, ya fitar da jerin haruffa da lambobi 64 da ke zama tamkar zanen yatsansa. Canza harafi ɗaya a ciki, zanen ya sauya gaba ɗaya. A kan irin wannan tunani Linus Torvalds ya gina Git a 2005: fayiloli masu abu ɗaya a ciki, sau ɗaya ake adana su, ko da sunayensu goma.

Bagobiri ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A unguwa ɗaya za ka samu masu suna Bello biyar, uban kowannensu Umaru, kuma mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a makaranta, Mamman a kasuwa. Shi ya sa hukumar zaɓe ta INEC ta koma gwada zanen yatsa da fuska, har ta soke fiye da miliyan 2.7 na sabuwar rajista a 2022, saboda maimaici da wasu dalilai. Wanda ya tace rajistar 'yan gudun hijira da suna kaɗai, zai iya goge Bello na gaske ya bar mai rajista biyu.

Ƙa'idar ɗaya ce, ga fayil ko ga mutum: a buɗe buhu a duba kafin a ce kaya iri ɗaya ne.