Ɗarin Da Kawu Bai Je Maraɗi Ba

A ƙasar Hausa, ɗari shi ne lokacin tafiya. In an gama kaka, an ɗaure dammuna an kai rumbu, hanya ta bushe, rana ta yi sanyi, sai ka ga samari sun nufi cin rani, dattawa kuma sun nufi ziyara. Cikin dattawan nan akwai wani rukuni da ba a cika lura da shi ba, watau tsofaffin ma'aikata masu cin fansho. Su ba gona mai yawa gare su ba, ba kuma ofis ke jiransu ran Litinin ba, saboda haka in sun fita sukan yi wata guda ko biyu. Kawuna yana cikinsu. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Katsina, kuma tun da ya aje aiki ba kasafai ɗari ke wucewa bai je Maraɗi wurin yayarsa ba, wadda aka kai aure can tun mahaifiyata tana goye.

Mai karatu ya sani, Bakatsine ba baƙo ba ne a Maraɗi. Zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe ne suka zauna can bayan jihadi, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce da sarkinsu. Kawu yakan shiga mota a Katsina da hantsi, ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa, ya yi sallar azahar a gidan yayarsa. Ko sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, aka bar ta Jibiya a rufe har Afrilun 2022, kaya aka fi tsananta wa, ba mutane ba.

Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba ta. Mu a jami'a muka yi ta muhawara a kan dimokuraɗiyya da mulkin soja. Shi kuwa Kawu abin da ya tambaye ni da na je hutu shi ne, “Ɗana, ku da kuke karatu, kuna ganin za su buɗe kafin buji ya taso?” Na ce, “Allah ya sa, Kawu.” Buji ya taso, ya kwanta, ba a buɗe ba.

A nan ne na lura da wani abu wanda masu rufe iyaka ba sa sa shi cikin lissafi. Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500, ba kogi ba ce, ba dutse ba ce, gonakin gero ne da ƙauyukan da ke cin kasuwa ɗaya. Wanda yake da ƙarfi da babur da kuɗin sallamar 'yan hanya, bai fasa ƙetarewa ba ko da kwana ɗaya. Ɗan sumoga ma riba ya ƙara samu. Wanda rufewar ta tsare shi ne dattijo mai ciwon gwiwa, mai shan maganin hawan jini, wanda ba zai iya goyon babur cikin rairayi da dare ba, balle ga 'yan bindiga a dazuzzukan Jibiya. Bugu da ƙari, tsohon malamin makaranta mutum ne mai jin kunyar doka. Yaran unguwa sun ce za su bi da shi ta ɓarauniyar hanya, ya ce shi da ya yi shekara da shekaru yana horon 'ya'yan mutane kada su tsallake katanga, ba zai tsallake ta da furfura ba.

Ko da an bar ƙofar a buɗe ma, aljihu ya riga ya rufe tasa. A Mayun 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya yi sama. A Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Sefa kuwa ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta bi naira faɗuwa ba. Fansho yana nan inda yake, in ma ya zo a kan kari. Babba ba ya shiga gidan 'yar'uwa hannu sake. Akwai turmin atamfa, akwai goro, akwai jika guda ko biyu da za a danƙa wa jikoki. Ana cewa zumunta a ƙafa take, amma ƙafar dattijo ba ta tashi sai da tsaraba.

Cikin Janairun 2024 aka bugo waya daga Maraɗi, aka ce Inna ta kwanta. Bayan kwana tara Allah ya yi mata rasuwa. A zauren Kawu aka yi zaman makoki, gawa na wata ƙasa, masu karɓar gaisuwa na wata. ECOWAS ta ɗage takunkumi ran 24 ga Fabrairu, ƙasashen biyu suka buɗe iyaka cikin Maris, ana azumi, zafi ya riga ya sauko. Sai bayan Salla ya je ya ga kabarinta.

Da ɗarin 2024 ya zagayo, ya shirya komawa domin ya duba marayu. Yana cikin shiri sai Janar Tiani ya fito a talabijin cikin Disamba, da Hausa, yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Nijeriya ta musanta. Ga kuma ficewar Nijar daga ECOWAS da za ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025. Kawu ya kasa kunne ga rediyo mako biyu kafin ya tafi. Mutumin da yakan yi wata biyu, kwana goma ya yi ya juyo, wai kada a kulle shi a can maganinsa ya ƙare. Ya ce mini ƙaramar jaka ya ɗauka, babbar tana bisa sif tun 2022.