Zangon Wagadugu: Tsohon Katin Ƙwallo Ma Haja Ne

Duk Bahaushen da ya daɗe a Wagadugu ya san Zanguwetin, tsohon zangon iyayenmu da aka rushe a 2003 saboda shirin ZACA. A shekarar ce kuma gobara ta ci babbar kasuwar Rood Woko. Iyalai suka watse, kuma wajen kwashe kaya takardu ne suka fara tafiya bola.

Cikin abin da ya tsira a adakar uwargida har da katunan 'yan ƙwallo na Panini. Yanzu yara kan leƙa waya su ce, "Baba, wannan fa kuɗi ne!" Da gaskiyarsu: a 2022 an sayar da katin Pele na 1958 sama da dala miliyan 1.

Amma a bi sannu. Shafukan farashi irin su Beckett da PSA lafiyar kati suke bi. PSA kan ba shi maki daga 1 zuwa 10, lanƙwasa ɗaya a kusurwa sai ta karya farashi. Mu kuwa ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga gara.

Ɗan kasuwa ya san yanka kuɗi daban, sallamawa daban. A eBay, dubi abin da aka saya aka biya, ka cire kuɗin aikawa da na tantancewa da la'ada. In da riba, madalla. In babu, a sa a leda a ajiye wa jikoki. Kada dai dillali ya ce tarkace ne, ya kwashe da jaka biyu.