Bokis ɗin wifi da makulli na huɗu

Mu ƴan wata ƙungiyar asusu ne a Maradi, mu 25, zubinmu sefa 500 kowane mako. Tun 1991 da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jiharmu, kayan aikin ƙungiya sanannu ne: akwati, makullai, littafi, tabarma. Yanzu ga baƙo ya shigo. Ƙungiyoyi da yawa sun fara ajiye lissafi a kwamfuta, kuma masu ba da tallafi kusan duk ta imel suke son a aika musu takarda. Sakatariyarmu tana da kwamfutar hannu, ta gwanjo, wadda ƙanenta ya kawo mata daga Kano. Da can in za a aika rahoto sai ta hau kabu-kabu ta je siber, ta biya zuwa, ta biya zama, ta biya dawowa. Shi ya sa a rabon bara muka cire kuɗi daga riba muka sayi bokis ɗin wifi mai cin pis, aka ajiye shi a ɗakinta.

Sayen bai ba mu wahala ba. Abin da ya biyo baya ne ya kusa haɗa mu faɗa. Duk lokacin da intanet ta ƙi, sai a kira wani yaro mai gyara, ya zo ya danna nan ya danna can, kafin shayi ya huce ya gama, a ba shi jika ɗaya, wata rana biyu. Ranar da ma'ajiya ta karanta jimillar a taro, sai da wata dattijuwa ta ce, “To mu asusu munka kafa ko gidan ciyar da mai gyara?” Jika biyu fa zubin mace ɗaya ne na wata guda. Sai muka yanke cewa in ya sake zuwa, kuɗin koyarwa za mu biya. Ya zauna da sakatariya da ɗiyan mambobi biyu masu zuwa lekol, suna tambaya suna rubutawa. Abin da ke cikin littafin nan, da wanda muka ƙara gani da idonmu daga baya, shi muke son ku samu.

Kan maganar duka ɗaya ne: wifi daban, intanet daban. Ku ɗauki bokis kamar randa. Kamfanin salula shi ne mai ga-ruwa da ke cika ta, kwamfuta kuma moɗa ce. Kina iya tsayawa gaban randa da moɗa a hannu, hannunki ya kai har ƙasa, amma ba ruwa. Haka kwamfuta take kama wifi da ƙarfi, sanduna duk a cike, ta kuma rubuta «Pas d'Internet». Wannan ba lalacewa ba ce, randar ce ta bushe. Saboda haka kafin a kira kowa, gwaji ɗaya muke yi: mu haɗa salula da wannan wifi ɗin, mu kashe intanet ɗin pis ɗinta, mu buɗe wani shafi. In salula ta buɗe, matsalar tana wajen kwamfuta. In ita ma ta ƙi, a bar kwamfuta ta huta, a koma kan bokis.

A wajen bokis, yawanci forfe ne ya ƙare. Ko giga sun ƙare, ko kwanakin sun cika alhali da saura, don forfe yana da wa'adi. Yanzu ranar saye da ranar ƙarewa suna rubuce a bangon littafi. In forfe na nan, sai a dubi fitilun gaban bokis. A namu fitilar rezo tana canza launi in ba ta samu eriyar kamfani ba, kuma kowane iri da nasa launi, don haka ku dubi naku ranar da yake aiki lafiya ku riƙe kamanninsa. Daga nan sai maganin da ya fi kowane arha: a zare wayar kuran, a ƙirga talatin, a mayar, a ba shi minti biyu ya farfaɗo. Rabin abin da muke biyan jika a kansa ke nan.

Wurin ajiya ma yana da magana. Bokis yana son sama, kusa da taga, ba ƙasan gado ba, ba bayan jeren kwanoni ba, don ƙarfe yana tare sigina, bango mai kauri kuma yana rage ta. Mu mata mun saba rufe abu mai daraja da ƙyalle saboda ƙura, amma wannan in an rufe shi zafi yake tarawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke wuce digiri 40, ko a buɗe ma yakan yi zafi ya fara yankewa da rana tsaka. A goge shi da busasshen tsumma, a bar iska ta ratsa.

Abu biyu ne muka haramta wa kowa. Na farko, in pis ya nemi lambar PIN, ba a cinke: kuskure uku yana kulle shi, sai da lambar PUK wadda ke kan katin da aka ɓalle pis ɗin. Katin namu yana cikin akwatin asusu. Na biyu, ɗan ramin nan na baya da aka rubuta «Reset». Yara suna son tsira masa allura. In aka danna aka riƙe, duk saitin da aka yi yana gogewa, suna da kod su koma na kamfani.

A wajen kwamfuta kuwa, a fara da duba kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo. In akwai hoton jirgin sama, «Mode Avion» ne ya kunnu, sau da yawa yaro ne ya taɓa wani maɓalli a layin sama. A kashe shi, wifi ya dawo.

Wadda ta fi cin ranmu ita ce ta kod. Sakatariya ta rubuta shi daidai, harafi bayan harafi, kwamfuta ta ce ba shi ba ne. Ta sake, ta sake, har ana cewa ko an yi mana sata ne an canza. Ashe maɓallan ne. Kwamfutar da ta fito ta Najeriya maɓallanta jerin Ingilishi ne, layin haruffa na farko yana farawa da QWERTY. Amma wanda ya saka mata Windows a nan ya sa ta a tsarin Faransanci, wato AZERTY. Sai ki danna inda aka zana A, ita kuma ta rubuta Q. Ki danna W ta ba ki Z. M ma ba ya wurinsa. Lambobi sun fi muni: a tsarin Faransanci in kika danna 1 ba tare da kin riƙe maɓallin manyan haruffa ba, alamar & ce ke fita, 2 kuma ta ba ki é. Tunda kod ɗigo-ɗigo yake fitowa, ba ki ganin ɓarnar. Maganin biyu ne. A ƙarshen gurbin da ake rubuta kod akwai ɗan hoton ido, in kin danna kin riƙe za ki ga abin da kika rubuta. Sannan kusa da agogo akwai FRA ko ENG, a danna a zaɓi wanda ya dace da zanen maɓallan. Kada a manta kuma, a wajen kod babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Duk wadda kwamfutarta ta biyo ta Jibiya ko Dan Issa, ta duba wannan tun yau.

Akwai kuma ta agogo. Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan batir a ciki, faifai kamar kwabo, yawanci mai lamba CR2032, shi ke riƙe kwanan wata in an kashe ta. In ya mutu, sai ta farka tana ganin shekarun baya ne, shafuka su ƙi buɗewa suna cewa haɗin ba shi da tsaro, alhali wifi lafiya lau. A gyara kwanan wata da awa, komi ya buɗe. Canza batir ɗin dai aikin mai gyara ne, wannan mun yarda a biya.

Wasu bokis suna fitar da suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe. Ba 5G ɗin salula da ake talla ba ne, tashar giga-hertz 5 ce, ɗayan kuma 2,4. Ta 5 ta fi sauri a kusa, ta 2,4 ta fi nisa da ratsa bango, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ita kaɗai suke gani. In ana taro a tsakar gida bokis yana ɗaki, ta 2,4 za a kama.

Sai maganar da ta kawo mu ga makulli. Watan farko forfen da muka ƙiyasta zai kai wata, kwana goma bai yi ba. Kashi ɗaya na laifin kwamfutar ce da kanta: Windows in ta samu wifi tana ɗauka kyauta ne, ta shiga sauke sabuntawa, giga guda ko fiye ba tare da ta tambayi kowa ba. A cikin saitin wifi ɗin akwai wurin da aka rubuta «Connexion limitée», in an kunna shi tana kama kanta. Ba a hana ta sabuntawa gaba ɗaya, don tsaronta ne, amma mu muke zaɓar rana, galibi in forfe ya kusa cika wa'adi da sauran giga.

Sauran kashin mutane ne. A ƙarƙashin bokis akwai takarda manne mai ɗauke da sunan wifi, da kod, da wani adireshi na lambobi. Namu 192.168.8.1 ne, wasu 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. In aka rubuta shi a inda ake rubuta adireshin shafi, ana shiga cikin bokis ɗin, ko da babu forfe. A can ake canza suna da kod, a can kuma ake ganin jerin duk na'urorin da ke haɗe. Muna sa ran huɗu, muka tarar da sha ɗaya. Ba wanda ya fasa komi. Duk yaron da ya shiga gaida Inna yana iya juya bokis ya karanta takardar. Kuma salulolin yanzu suna nuna kod a matsayin hoton QR, aboki ya ɗauka da kyamara ya shiga, ba a ko furta shi ba. Samarin da muke gani jingine da katanga bayan isha'i, ashe ba iska suke sha ba.

A taron da ya biyo baya an daɗe ana ja. Wasu suka ce hana maƙwabci rowa ce, ba a hana ruwa ba a hana wuta, kuma sakatariya ce za ta sha kunyar unguwa, ba mu ba. Maganarsu tana da nauyi, don ita ke kwana a gidan. Shugaba ta saurara har aka gama, sannan ta ce, “Ruwan randarki naki na, ki ba wanda kika so. Wanga kuwa kuɗin marainiya na ciki, na bazawara na ciki. Wa ya ba ki izinin kyauta da shi?” Mu a ganinmu nan gaskiya take. Akwatinmu makulli uku gare shi, a hannun mata uku, ba don muna zargin kowa ba, sai don kada nauyi ya faɗa kan mutum ɗaya. Dokar ma ta zame wa sakatariya garkuwa: duk wanda ya roƙa, sai ta ce ba nata ba ne, a tambayi ƙungiya.

Ga abin da aka tsayar. Ana canza kod duk ranar da aka sayi sabon forfe. Ba ya gaza haruffa 8, don bokis ba ya karɓar ƙasa da haka a tsarin tsaro na WPA2, amma mu muna kai shi 12, haruffa da lambobi, ba sunan ɗa ba, ba lambar salula ba. Mun kuma guji A, Q, Z, W da M a cikinsa saboda rikicin maɓallai. Kod ɗin shiga cikin bokis, wanda a wasu yake zuwa da «admin» kawai, shi ma an canza, in ba haka ba duk wanda ya kama wifi yana iya shiga ya karanta sabon. Sakatariya da ma'ajiya ne suka san su, an kuma rubuta a takarda an jefa cikin akwati. Bayan kowane canji kwamfuta takan ƙi haɗuwa don tana riƙe da tsohon, sai a danna sunan wifi da maɓallin dama, a zaɓi «Oublier», a shigar da sabon. Mamba da ke son aika saƙo ko kiran ɗanta da ke Agadez ko Libiya ta WhatsApp ranar taro, ta zuba dala ashirin a asusun agaji a haɗa mata.

Maigidan sakatariya shi ne ya rage, kuma ba mu yi wasa da maganarsa ba. Gidansa ne, kuran ɗin da bokis ke ci shi ke biya. Shugaba da wata dattijuwa suka je suka gaishe shi, suka yi masa bayani. Aka daidaita cewa salularsa ɗaya tana ciki, a madadin kuɗin kuran, da sharaɗin ba bidiyo kuma ba ya ba kowa. Ya ce ya yarda, har ya ce a daina ce masa Malam mai gida a ce masa mai gadin bokis.

Abin da littafin bai magance ba shi ne ɗaukewar kuran. Kwamfuta tana da batir, bokis ɗinmu ba shi da, don haka wuta na tafiya wifi ya bi ta. Na ɗan lokaci sakatariya tana kunna «Point d'accès mobile» a salularta, kwamfuta ta kama ta kamar bokis, amma forfenta na kanta ke tafiya, sai mun mayar mata. Wasu na son a sayi ƙaramin modem na aljihu mai batir, wasu na cewa a haɗa bokis da batir ɗin sola na gidan shugaba a mayar da shi can. Ma'ajiya ta ce ba za ta buɗe akwati ba sai an kawo mata farashin kowanne a rubuce, kuma an sa maganar a taron mako na biyu bayan Sallah.