Tafintan Da Bai San Ɗahiru Ba

Mai karatu, na san labari ka zo nema, to na yau dai ba na soyayya ba ne, amma in ka yi haƙuri ka biyo ni za ka ga ya shafe ka, matuƙar kana rubuta Hausa a waya ko a kwamfuta. Batun haruffan nan namu ne masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da abin da na gani game da su tun da na duƙufa koyon wani yaren kwamfuta da ake kira C.

Shi wannan yare wani Ba'amurke ne mai suna Dennis Ritchie ya ƙirƙiro shi a ɗakunan binciken Bell Labs a shekarar 1972, kuma duk tsufansa har yau da shi aka rubuta mafi yawan zuciyar Linux, wadda kowace wayar Android take tafiya a kanta. Ita kwamfuta ba ta jin C, lambobi kawai take ji, sifili da ɗaya. Saboda haka in ka gama rubuta umarninka sai ka miƙa wa wata manhaja da ni nake kira tafinta, ya karanta shi gaba ɗaya, ya juya shi zuwa harshen na'ura, sannan ya miƙo maka manhajar da za ta yi aiki da kanta. Tafintan da nake amfani da shi, GCC, kyauta ne, kuma in ka sauke shi sau ɗaya ba ya ƙara neman intanet. Ga wanda yake zaune a Tambuwal da tsohuwar kwamfuta, yana lissafin data yana lissafin caji, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne.

Sai dai fa tafintan nan ya fi malamin allo tsanani. A ƙarshen kowane umarni sai an sa waƙafi mai ruwa, in babu shi ba zai fassara ko layi ɗaya ba. Duk abin da za ka ajiye sai ka fara faɗa masa irinsa, lamba ce ko harafi, kuma wuri nawa zai ci. Babu "ai ka gane nufina" a wurinsa. Saboda wannan tsanani, mai koyo yakan ɗauka duk abin da tafinta ya bari ya wuce to lafiya lau yake. Aikin wata ƙungiyar manoma ne ya nuna mini iyakar ganinsa.

Yayana ne sakataren ƙungiyar, kuma 'ya'yanta sun haɗa da mutanen ƙauyukanmu na Tambuwal da na ƙasar Kebbe. Kowa yana zuba kuɗinsa kaɗan-kaɗan tun daga kaka, in damina ta gabato a sayo taki a dunƙule, a ba kowa gwargwadon abin da ya tara. Ranar rabo mai sito yakan riƙe takardar sunaye, in mutum ya zo a duba sunansa a miƙa masa nasa. Wanda ba a ga sunansa ba sai ya koma gida hannu rabbana, bayan ya ƙona man babur tun daga Kebbe, kafin a warware kuma shuka ta wuce lokacin da take son takin. Yaya ya ce tunda kullum ina kan kwamfuta, in yi musu abin da zai jera sunayen bisa tsarin abacada, ya kuma tara wa kowa kuɗinsa.

A cikin C akwai wani ɗan aike da ake kira strcmp, aikinsa ya kwatanta kalma biyu ya faɗi wadda take gaba. Na gwada shi da sunaye kaɗan don in ga halinsa, tafinta ya karɓa bai ce uffan ba. Jerin ya fito Abubakar, Bello, Dauda, har zuwa Zayyanu, can ƙasa kuma bayan Zayyanu sai ga Ɗahiru da Ɗanjuma a raɓe kamar baƙi. To mai sito da zai neme su, cikin masu harafin D zai duba, in bai gani ba ya ce babu. Da nake ba wani dattijo ɗan ƙungiyar labari, dariya ya yi ya ce, "Yaro, wagga na'ura taku ba ta shiga aji guda ba? Ai kowa ya san ɗa bayan da take." Na ce, "Baba, ajin da ta shiga babu ɗa a allonsu."

Gaskiyar maganar ke nan kuwa. A shekarar 1963 aka fito da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda ya ba kowane harafi lamba. Gurabe 128 ne kacal a cikinsa, na Turanci da alamominsa: babban A shi ne 65, babban Z 90, ƙaramin z kuma 122. Da tsarin Unicode ya zo a 1991 sai harsunan duniya suka samu gurabe, har da namu haruffan, inda babban Ɗ ya samu lamba 394. A 1992 kuma Ken Thompson, abokin aikin Ritchie, tare da Rob Pike suka tsara hanyar ajiye waɗannan lambobi da ake kira UTF-8. A wannan hanya harafin Turanci yana cin gurbi ɗaya na ma'ajiya, wanda ake ce wa bait, namu masu lanƙwasa kuwa bait biyu-biyu suke ci. Shi Ɗ ana ajiye shi ne da 198 da 138. Shi kuwa strcmp lambobi yake aunawa, ya ga 198 ya fi 122, sai ya tura Ɗahiru bayan kowa. Bai karya ko ƙa'ida ɗaya ta C ba, shi ya sa tafinta ya yi gum.

Maganin da na yi shi ne na zana wa kwamfuta allon abacadar Hausa, na ba kowane harafi matsayinsa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sannan sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, wato Shehu ya zo bayan Sule kamar yadda abacadarmu ta tanada. Na rubuta nawa ɗan aiken mai leƙa bait na gaba kafin ya yanke hukunci, na miƙa shi ga qsort, wanda shi ne mai jera kaya a C, kuma yana yarda ka ba shi ma'aunin da kake so. Ɗahiru ya dawo bayan Dauda. Masu kula da Unicode ma sun ajiye tsarin jerin Hausa a kundinsu, manyan manhajoji suna iya ɗauka daga can, amma sai wanda ya rubuta manhajar ya san da shi ya kuma nema.

Daga nan sai batun ƙirge. Akwai wani ɗan aiken, strlen, mai faɗin tsawon kalma. Ka ba shi "ƙaiƙayi" mai haruffa 7, ya ce maka 9, don bait yake ƙirgawa. Wannan ya sa in an buga takarda, layin duk mai suna da lanƙwasa yakan goce, kuɗinsa ya kauce daga sahun na sauran. A UTF-8 duk bait ɗin da lambarsa ta faɗa tsakanin 128 da 191 wutsiyar harafin da ya gabata ne, don haka na ce wa manhajar ta riƙa tsallake su in tana ƙirge, sahu ya miƙe. Irin wannan ne ma yake faruwa a saƙon tes na waya: yana ɗaukar haruffa 160, amma da ka sa ƙ guda ɗaya sai ya koma 70. Ba mamaki mutanenmu suka saba zubar da lanƙwasa, wasu su rubuta k' da d', wasu su bar ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki.

Wannan sabo shi ya haifi matsalar da ta fi ba ni tsoro. Littafin ƙungiyar hannu da yawa suka rubuta shi, mutum ɗaya a wani shafi Ɗahiru ne, a wani Dahiru, a wani D'ahiru. A wurin kwamfuta mutum uku ke nan, kuɗinsa ya rabu gida uku, kowane kaso bai kai na buhu ba. Abu mai sauƙi shi ne a ce duk sunayen da harafi ɗaya ne ya raba su a haɗe su. To amma duba sunayen garuruwanmu. Tambuwal da Tambawal gari ɗaya ne, harafi ɗaya ya raba rubutunsu. Kebbe da Kebbi ma harafi ɗaya ya raba su, alhali ta farko ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato da muke tarayya da ita a kujerar Majalisar Wakilai, ta biyu kuwa jiha ce maƙwabciya da aka cire daga Sakkwato a 1991. Wace ƙa'ida ce a C za ta bambance waɗannan? Sai ɗan gari. Don haka na hana manhajar haɗe kowa da kanta. Takan fito da sunayen da suka yi kama ne biyu-biyu, tare da sunan mahaifi da ƙauye, ni da Yaya mu zauna ya ce wannan mutum ɗaya ne, wancan kuwa biyu ne, ɗaya ɗan Jabo ɗaya ɗan Kuchi. Bana aka yi rabo da wannan takarda, ba a mayar da kowa gida saboda harafi ba.

Ku marubuta ma abin ya taɓa ku. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon rubutun Hausa da aka buga a kwamfuta a shekarun 1990 ya san yadda ƙasa take komawa }asa, ɗaya ya koma ]aya, ɓangare ya koma ~angare. Masu tsara zanen haruffan wancan lokaci sun ari gurbin waɗannan alamomi ne suka ɗora namu haruffan a kai, dabara ce mai kyau da ta yi wa adabinmu hidima, sai dai in babu zanen a kwamfutarka aron yana bayyana. Wata ƙanwata tana da labarin da wani kawunmu ya buga ta wannan hanya kafin rasuwarsa, ta yi makonni tana gyara da hannu ba ta kai rabi ba. Manhajar da ta mayar da kowace alama zuwa bait biyun harafinta ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma kafin ƙiftawar ido ta gama littafin. Abin da ya rage mata shi ne ta bi ta duba inda marigayin ya nufi alamar da kanta.

Shi ya sa nake kira ga ƙannenmu na Tambuwal da Kebbe da sauran ƙasar Hausa masu sha'awar wannan fanni, kada tsananin tafinta ya kore ku a makon farko, ana sabawa da shi. Ku shiga da Hausarku a hannu, don rajistar asibiti da ta makaranta da ta ƙungiyoyi duk suna komawa kwamfuta, kuma in wanda ya rubuta manhajar bai san ɗa tana bin da ba, wani Ɗahiru ne zai sha wahalar. Ku kuma marubuta, don Allah ku riƙa sa lanƙwasa a inda take, yanzu allon rubutun waya yana da ita. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.